Kwana Huɗu Ko Awa Uku: Wace Gasar Kurket Ta Afganistan Ta Cancanci Lokacinka?

Yawancin waɗanda suka fara sha'awar kurket ɗin Afganistan daga nesa ta ƙofa ɗaya suka shigo. Wasu ranar da 'yan ƙasar suka kayar da Ingila a Delhi a gasar cin kofin duniya ta 2023, wasu kuma a 2024, lokacin da suka doke Ostareliya suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20. Daga nan sai mutum ya fara tambayar inda ake ƙera waɗannan yara. Idan ya bincika, zai tarar da manyan gasanni uku na cikin gida: ta Ahmad Shah Abdali da ake kwana huɗu ana wasa ɗaya, ta Ghazi Amanullah Khan da ake gamawa a yini guda, sai Shpageeza ta T20 da ba ta wuce awa uku da 'yan mintoci. Mai aiki da iyali da data mai tsada ba zai iya bin dukkansu ba, dole ya zaɓa. Ni na zaɓi ta kwana huɗu, amma ba zan ɓoye cewa akwai mutanen da ba ita ce ta dace da su ba.

Kafin a yi nisa, ga abin da ake nufi da wasan ajin farko, wato irin wanda ake bugawa a gasar kwana huɗu. A ƙa'idar hukumar kurket ta duniya, ICC, wasa ne na 'yan wasa goma sha ɗaya-ɗaya, wanda aka tsara masa kwana uku ko fiye, kuma kowace ƙungiya tana da damar shiga bugu sau biyu. Ana sa fararen kaya, ana jefa jar ƙwallo, kuma ba a ƙayyade wa mai jifa adadin obar da zai yi ba (oba ita ce jifa shida a jere). Idan kwanakin suka ƙare ba a fitar da gwani ba, an yi canjaras. A T20 kuwa kowace ƙungiya oba 20 kawai take da ita, mai jifa ba ya wuce huɗu, ƙwallon fara ce, kayan masu launi ne. Wasan yini ɗaya yana tsakiya: oba 50, mai jifa ba ya wuce goma.

A farkon 2017 ne ICC ta ba gasar kwana huɗu ta Afganistan matsayin ajin farko, sannan a ranar 22 ga Yuni na wannan shekara ta karɓi Afganistan da Ailan a matsayin cikakkun mambobi, abin da ya ba su ikon buga Tes, wasan kwana biyar na ƙasa da ƙasa. An buga kakar farko a wannan matsayi daga Oktoba zuwa Disamba 2017 da ƙungiyoyin yankuna biyar, a kaka ta biyu Kabul ta shigo suka zama shida. Sunan gasar na Ahmad Shah Abdali ne, wanda aka fi sani da Durrani, mutumin da ya kafa daula a 1747 kuma kabarinsa yake Kandahar.

Sunayen yankunan kansu sun isa su ja hankalin mai son sanin ƙasa. Amo ita ce arewa, daga sunan kogin Amu Darya da ya raba Afganistan da maƙwabtanta na sama, kuma Mazari Sharif tana cikinta. Speen Ghar a harshen Fashto farin dutse ne, yankin gabas ke nan, su Nangarhar da Kunar da Laghman, inda kurket ya fi kafuwa domin nan ne ƙofar Peshawar, kuma a sansanonin gudun hijira na Pakistan ne 'yan Afganistan suka koyi wasan. Mis Ainak sunan wata tsohuwar ma'adinar tagulla ce a lardin Logar, ƙungiyar kuma ta haɗa Khost da Paktia da Paktika. Boost tsohon sunan garin da ke wajen Lashkar Gah ne, ita ce ta kudu, Helmand da Kandahar. Band-e-Amir kuwa tafkuna ne masu ruwa shuɗi a tsaunukan Bamiyan, a tsakiyar ƙasar. Band-e-Amir ce ta ci kofin 2017, ta lallasa Speen Ghar da tazarar maki 537 a wasan ƙarshe, ta sake ci a 2018, sannan Speen Ghar ta karɓa a 2019.

Shpageeza kuwa tun 2013 ake yin ta. Kalmar daga shida take a Fashto, wato bugun da ke tsallake iyakar fili ba tare da ƙwallo ta taɓa ƙasa ba. Ƙungiyoyinta sun ari sunayen yankunan nan suka ƙara musu laƙabi: Band-e-Amir Dragons, Mis Ainak Knights, Amo Sharks, Boost Defenders, Speen Ghar Tigers. Gidanta filin Kabul ne, birnin da ke sama da teku da kusan mita 1,800, inda iska ba ta da kauri, ƙwallo kuma take tashi fiye da yadda za ta yi a ƙasa-ƙasa. Sunan bai yi ƙarya ba.

Idan abin da kake nema shi ne ka ga wasa da idonka, ka ji ihun jama'a, ka kwanta da sanin wanda ya ci, to Shpageeza ce taka, kuma babu abin kunya a ciki. Ita ce aka fi haskawa a talabijin, ita ce gajerun bidiyoyinta suke yawo a YouTube da Facebook, ita ce ke cika fili. Akwai wani dalili da ya sa cikar filin nan take da nauyi. Har yau Afganistan ba ta taɓa karɓar baƙuncin wata cikakkiyar mamba ta ICC a ƙasarta ba. Wasanninta na gida a Sharja da Abu Dabi ake buga su, ko a Indiya, su Dehradun da Lucknow da Greater Noida. Saboda haka yaron Kabul da ke son ganin gwanayen ƙasarsa ido da ido, gasar cikin gida ce kaɗai hanyarsa, kuma Shpageeza ce ta fi kawo masa su kusa. An biya wannan da jini. A watan Satumba 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wajen shingen binciken filin ana tsakiyar wasa, mutum uku suka mutu, wasu baƙin 'yan wasa suka koma gida, amma aka ci gaba da gasar har ƙarshe. A watan Yuli 2022 ma an tayar da gurneti a cikin 'yan kallo. Duk wanda ya ce T20 wasan yara ne bai yi wa waɗannan mutane adalci ba.

Sannan daga irin wannan wasa ne arzikin 'yan wasan yake fitowa. A 2017 ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta sayi Rashid Khan a gasar IPL ta Indiya kan rupi miliyan 40, yana ɗan shekara 18, ta kuma ɗauki Mohammad Nabi. Tun daga ranar kowane yaro mai iya murza ƙwallo a Nangarhar ko Khost ya san inda kuɗi suke. A gasar duniya ta T20 ta 2024, Rahmanullah Gurbaz ne ya fi kowa maki, 281, Fazalhaq Farooqi kuma ya fitar da mutum 17 (wato masu bugun da jifansa ya kawo ƙarshen bugunsu), babu wanda ya wuce shi. Wanda ke son ya riga kowa sanin sunan da zai yi tashe a IPL nan da shekara biyu, Shpageeza zai sa wa ido.

To me ya sa ni ban tsaya nan ba?

Saboda Bengaluru. A wannan birni na Indiya ne, a ranar 14 ga Yuni 2018, Afganistan ta shiga Tes ɗinta na farko da Indiya. Shikhar Dhawan ya ci maki ɗari kafin a tafi hutun abincin rana a yinin farko, Indiya ta tara 474. Washegari, ranar da ta dace da ƙaramar salla a Afganistan, aka fitar da 'yan Afganistan gaba ɗaya sau biyu a yini guda, 109 da 103. Wasan da aka tsara wa kwana biyar ya ƙare a biyu. Ba rashin baiwa ba ne, domin a ƙungiyar akwai Rashid da Nabi da Mujeeb Ur Rahman. Amma Mujeeb, mai shekara 17 a lokacin, wannan Tes shi ne wasan ajin farko na farko a rayuwarsa. Bai taɓa jefa jar ƙwallo a wasa mai wannan matsayi ba sai ranar da aka tsayar da shi gaban ƙungiyar da ta fi kowace a duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai jifan da ya saba da oba huɗu ya koyi yadda zai hana a ci shi maki, bai koyi yadda zai yi oba ashirin yana ɗana wa mutum ɗaya tarko ba. Mai bugun da ya saba da kai wa kowace ƙwallo sara bai koyi barin wadda ta wuce gefe ta tafi abinta ba, kuma barin ƙwallo rabin sana'ar ne a wasan kwanaki.

Waɗannan abubuwa a gasar kwana huɗu kaɗai ake koyonsu. Ƙwallo tana tsufa a hannunka, tana sheƙi da safe tana lanƙwasa a iska, da rana ta yi laushi, sai an yi oba 80 kafin a ba ka sabuwa. Dandamalin da ake jifa a kai yana canzawa kullum: wanda yake sumul ranar farko ya fara tsagewa ranar uku, sawun masu jifa ya zama rami, mai murza ƙwallo ya samu abin da yake jira. Kyaftin yana lissafin lokaci, ko ya dakatar da bugun ƙungiyarsa tun ba a fitar da su duka ba domin ya samu isasshen lokacin fitar da abokan karawa, ko ya ƙara tara maki ya yarda da canjaras. Ƙungiyar da aka fi ƙarfi ma tana da abin yi, za ta iya tsayawa yini guda cur ta hana a ci ta. A T20 babu wannan, wanda aka fi ƙarfi ya sha kaye ke nan.

Abin ya fara nuna amfaninsa da wuri. A watan Maris 2019 Afganistan ta ci Tes ɗinta na farko, ta doke Ailan a Dehradun, Rahmat Shah ya yi 98 da 76. A watan Satumba suka je Chattogram suka ci Bangaladash da maki 224, Rahmat ya zama ɗan Afganistan na farko da ya ci ɗari a Tes. Hashmatullah Shahidi ya yi 200 ba a fitar da shi ba a karawa da Zimbabuwe a Abu Dabi a 2021. A ƙarshen Disamba 2024 a Bulawayo, a wata karawa da Zimbabuwe, Rahmat ya yi 234, Shahidi ya yi 246, ƙungiyar ta tara 699, kuma su biyun sun yi yini guda suna bugu ba a raba su ba. Waɗannan mutum biyu ba su ne ake rububinsu a kasuwar T20 ba. Irin su ne gasar kwana huɗu take rainon, kuma ita ce kaɗai wurin da ake ba irin halinsu daraja. A Tes na biyu a Bulawayo, wani sabon shiga, Ismat Alam, ya ci 101 a wasansa na farko, Afganistan ta yi nasara da maki 72. Wanda ke bin wasannin cikin gida bai yi mamakin sunan ba.

Sai dai dole in faɗi aibin gasar, domin mai zaɓe yana da haƙƙin sani. Alƙalumanta suna iya ruɗar mutum. Bahir Shah, ɗan Kunar, ya fara wasan ajin farko a 2017 da maki 256 ba a fitar da shi ba, yana buga wa Speen Ghar a karawa da Amo. A lokacin, Amol Muzumdar na Indiya kaɗai ya taɓa fin haka a wasan farko, da 260. Kafin kakar ta ƙare Bahir ya yi 303 a kan Boost, ya haura maki dubu, har aka riƙa jera sunansa da na tsofaffin gwanayen bugu, Javed Miandad na Pakistan da Bill Ponsford na Ostareliya. A watan Afrilu 2018 kuma Shafiqullah Shafaq na Kabul ya ci maki 200 daga jifa 89 kacal a garin Asadabad, ɗari biyu mafi sauri a tarihin ajin farko. Labarai ne masu daɗi, amma suna kuma gaya maka cewa a shekarun farko jifa ya yi rauni, dandamali ya yi wa masu bugu sauƙi. Bahir bai samu shiga Tes ba sai Yuni 2023 a Mirpur, wasan da Bangaladash ta ci da maki 546, inda masu jifan sauri suka yi ta ɗaga ƙwallo zuwa ƙirji da kai, abin da yaran ba su saba gani a gida ba. Don haka idan ka ga wani ya ci ɗari biyu a Khost, ka yi murna, amma ka duba su wane ne suka yi masa jifa, kuma nawa sauran suka ci a wannan dandamalin.

Aibi na biyu shi ne manyan taurari ba sa zuwa. Da wuya ka ga Rashid ko Gurbaz ko Noor Ahmad a wasan kwana huɗu na cikin gida, domin kusan kowane wata akwai wata gasar T20 a wata ƙasa da ke biyan su da dala. A Disamba 2023 har hukumar kurket ta Afganistan ta hukunta Mujeeb da Farooqi da Naveen-ul-Haq saboda sun nemi a sake su daga kwantiragin ƙasa, kafin daga baya ta sassauta. Naveen ya yi ritaya daga wasan yini ɗaya yana da shekara 24. Ban ga laifinsu ba, mutum ne da dangi a bayansa a ƙasar da aiki ya yi wuya. Amma sakamakon shi ne matashin da ke bugu a gasar Abdali ba ya fuskantar mafi gwanintar masu jifan ƙasarsa. Ga shi kuma Afganistan ba ta cikin ƙasashe tara da ke gasar Tes ta duniya, saboda haka Tes ɗaya ko biyu ko uku take samu a shekara. Wanda aka shirya da Niyu Zilan a Greater Noida a Satumba 2024 ma ko ƙwallo ɗaya ba a jefa ba saboda ruwa da jiƙaƙƙen fili. Yaro zai iya shekara biyar yana tara maki a gida, ƙofar da yake bugawa sau biyu take buɗewa a shekara.

Hukumar ma takan sauya fasalin gasar. A 2023 an buga ta da ƙungiyoyi huɗu masu sababbin sunaye, Hindukush Strikers da Mah-e-Par Stars da Maiwand Champions da Pamir Legends. Akwai hikima a tattara gwanaye cikin ƙungiyoyi kaɗan domin wasa ya yi zafi, amma ni na fi son sunayen yankuna, domin mutum yana goyon bayan ƙasarsu ne da garinsu. Akwai kuma gasar kwana uku mai sunan Mirwais Nika, ita ma ta jar ƙwallo. Wanda zai bi sai ya duba tsarin kowace kaka kafin ya ɗaura wa wata ƙungiya zuciyarsa.

Gasar Ghazi Amanullah Khan, mai sunan sarkin da ya ƙwato cikakken 'yancin ƙasar daga Birtaniya a 1919, ba zan daɗe a kanta ba. Ita ce zaɓin mai son tsaka-tsaki, kuma akwai hujja mai ƙarfi a gare ta: a wasan oba 50 ne Afganistan ta doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka a 2023, a nan Ibrahim Zadran ya ci 177 a kan Ingila a Lahore a 2025, a nan Azmatullah Omarzai ya zama gwarzon ICC na wasan yini ɗaya na shekarar 2024. Matsalarta ga mai kallo daga nesa ita ce tana cin yini sukutum, kusan awa takwas, kuma ba ta da daɗin bi a rubuce kamar wasan kwanaki, ba ta kuma da saurin T20.

Maganar bi a rubuce ita ce ta kawo ni ga lokaci da kuɗi, inda mutane da yawa suke kuskuren lissafi. Ana ɗauka wasan kwana huɗu ya fi cin lokaci. Ga mai zama a fili, haka ne. Ga mai bi ta waya daga Kano ko Maraɗi, akasin haka ne. T20 sai an kalla, domin idan ka karanta sakamakonsa kawai ba ka samu komai ba, kuma kallon awa uku kai tsaye yana shan data sosai. Wasan kwana huɗu kuwa a takardar maki ake bin sa, irin wadda shafin intanet na ESPNcricinfo ke sakawa, kuma buɗe ta bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Agogon Afganistan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa uku da rabi. Wasan da aka fara ƙarfe goma na safe a Jalalabad, shida da rabi ne a nan. Ka leƙa bayan sallar asuba, ka sake leƙawa da hantsi, kafin la'asar an tashi na ranar. Minti biyar sau uku a yini, labarin kuma yana tafiya da kai har kwana huɗu, kana tunanin ko mutum biyun da suka kwana suna bugu za su kai azahar ɗin gobe.

Akwai abu ɗaya da ya shafi gasannin uku baki ɗaya, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Duk na maza ne. A 2020 hukumar ta ba mata 25 kwantiragi, amma bayan dawowar Taliban a Agusta 2021 aka rufe wa mata ƙofar wasanni, yawancin waɗannan 'yan wasa suka yi hijira zuwa Ostareliya, inda suka buga wasan baje koli a Melbourne a Janairu 2025. Saboda wannan ne Ostareliya ta fasa Tes ɗin da aka shirya a Hobart a 2021. Akwai masu ganin bai dace a bi kurket ɗin ƙasar ba sam har sai an gyara, kuma ina girmama ra'ayinsu. Ni ina bi, domin yaran da ke fili ba su suka kafa dokar ba, amma ba na mantawa da waɗanda aka hana shiga.

Ga wanda bai taɓa zama ya kalli kurket ba, shawarata ita ce ya fara da Shpageeza kaka guda, ya gane yadda ake fitar da mutum, ya san sunaye da fuskoki. Wanda ya riga ya san ƙa'ida, ko yake son ya san ko Afganistan za ta zama ƙasar Tes ta gaske ko za ta tsaya a mai fitar da 'yan T20 zuwa kasuwar duniya, ya koma gasar Ahmad Shah Abdali. Idan ya buɗe takardar maki, kada ya tsaya a kan wanda ya fi yawan maki. Ya dubi adadin jifan da mai bugu ya fuskanta, domin maki 70 daga jifa 200 a yini na huɗu sun fi 150 na yinin farko faɗin gaskiya. Ya dubi masu jifan sauri, nawa suka fitar da sabuwar ƙwallo, kuma ko sun dawo da yamma sun sake yin wani abu, tunda masu murza ƙwallo dai ƙasar tana da su har sun yi mata yawa. Nijat Masood, wanda ya fitar da mutum da jifansa na farko a Tes a Mirpur kuma ya gama da biyar a wannan zagayen, daga wasannin cikin gida na jar ƙwallo ya fito, kuma irinsa nake nema duk lokacin da na buɗe sakamakon wasa daga Khost ko Nangarhar.